Yadda na karɓi ɗaki daga hannun kajin Kawu Kyari

Ku da kuka zauna da Kawu Kyari, ai ba sai na tuna muku tambayar nan tasa ba. Mutum ya shigo yana haki ya ce an ga ɓera a madafa, ba zai ce a ɗauko sanda ba, ba zai ce a toshe rami ba. Sai ya gyara zaman hularsa, ya dube ka daga sama har ƙasa, ya ce, "Wa ya gayyace shi?" Shi a wurinsa ɓera baƙo ne, kuma ba ya taka gidan kowa sai wani ɗan gidan ya aika masa. Ƙwayar dawa guda ta kwana a tsakar gida, to goron gayyata ke nan, kuma sai an zauna an gano wanda ya raba shi.

Shi ya sa kajinsa ba sa cin abinci a ƙasa kamar kajin mutane. A faifai ake zuba musu, shi yana tsugune a gefe yana kallon bakin kowacce, in sun gama ya bi ƙasa da yatsa yana tsince abin da ya zube. Dattijo da farin gemunsa, fataken kanwa tun daga Barno a hannunsa suke sauka, duk Fagge an san shi, amma ka shigo da hantsi ka tarar da shi yana rarrafe saboda tsabar gero. Inna Falmata, matarsa, takan ce ita dai ko lokacin da yake nemanta da aure bai taɓa tsuguna mata haka ba.

Ni Modu, ɗan ƙanwarsa ne, ga waɗanda suka zo daga baya ba su sani ba. Bayan rasuwar mahaifina na hawo jirgin ƙasan Nguru, gemu ya fara tsiro mini, ba abin da na mallaka sai ƙullin kaya da ɗan ɗinkin da na koya. Kawu ya ba ni zaure, nan na kafa keken ɗinki, nan nake kwana. Gidan ɗaki uku ne, turakarsa, ɗakin Inna, sai na kusa da rijiya, wanda ya fi duka kyau, mai ƙofar kwano da taga. Wannan na ukun na kaji ne. Wata damina gafiya ta haƙo ta ƙarƙashin tsohon akurkin ƙasa ta ɗebe masa 'yan tsaki, shi ne ya kwashe su ya kai ɗakin, ya ce na kwana biyu ne. Da na zo, kwana biyun nan ya riga ya haifi jikoki.

Kada ku ga laifinsa da yawa. Zamanin nan kafin Turawa su tafi, lokacin da ake jibge buhunan gyaɗa a bakin layin dogo, ɓerayen Fagge ba irin ramammun nan na yanzu ba ne. Sun ci sun ƙoshi, har sheƙi suke yi. Gafiya kuwa in ta gifta ka a lungu, kai ne za ka kauce.

To, sai na ga Yagana, 'yar Malam Ari mai sayar da huluna a Rijiyar Lemo. Ga ta nan zaune tana rufe baki da mayafi, ta san inda zan je. Aka yi magana, aka sa rana bayan Babbar Sallah. Malam Ari mutum ne mai sauƙi, abu ɗaya kawai ya kafe a kai. Ya ce ba zai kai 'yarsa ta kwana a zaure kusa da keken ɗinki ba, in akwai ɗaki mata za su zo su yi daɓe su yi jere, in babu a ajiye maganar sai yadda Allah ya yi. Ni kuwa na san akwai wani mai shagon yadi a Kantin Kwari da ke yawan zuwa sayen hula, alhali kansa ɗaya ne. Hankalina ya tashi ƙwarai, don ina son yarinyar nan har ba na iya zare allura daidai.

Na samu Kawu bayan ya gama tsince-tsincensa, na durƙusa na karanta masa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ɗaki naka ne, Modu. Ka sama musu inda gafiya ba za ta kai ba, yau ma sai su tashi."

Wallahi har dariya na yi a raina. Na ce wannan ai aikin yini guda ne.

Dabarata ta farko mage. Na je wani gidan burodi a Sabon Gari inda nake yi musu ɗinki, suka ba ni wata ƙatuwa, jibgegiya, wuya kamar na rago. Ashe ita duk rayuwarta ɓawon burodi da madara ta sani. Ranar da ta zo, gafiya ta leƙo daga bayan randa da rana tsaka, suka haɗa ido, sai ga magen nan a kan katanga, ba wanda ya ga lokacin da ta hau. Washegari kuma da yunwa ta kama ta, ta duba gidan ta zaɓi abin da ba zai rama ba. Kawu ya zo ƙofar zaure da ɗan fiffiken tsako a tafin hannunsa.

"Wa ya gayyace ta?"

"Ni ne, Kawu."

"To raka baƙuwarka gida."

Haka na ɗauke ta a buhu, na bi ta wajen kasuwar Bata da ita tana kuka tana yaƙushina ta cikin buhun, 'yan kasuwa suna tambayata ko sayarwa zan yi. Tabon yana nan a damtsena, mai so ya zo ya gani.

Daga nan sai tarko. Na sayo irin na ƙarfen nan mai haƙora, na nuna wa Kawu ina taƙama. Ya tambaye ni me zan sa a ciki, na ce ƙuli-ƙuli. Sai ya ce wato in ajiye ƙuli-ƙuli a gidansa, in bar ƙanshi ya zagaye unguwa, sannan in kira wannan kora. Ya hana. Ni kuma da wayona, na faki idonsa na ɗana shi a bayan randa. Da safe na tashi zan ɗebi ruwa, na manta shaf. Kai, jama'a, ƙarar da na yi har liman ya aiko a tambaya ko lafiya. Tarkon ya datse babban ɗan yatsana na ƙafar dama, wadda nake taka keke da ita, ga ɗinkin Sallar mutane jibge. Kawu ya fito da butarsa, ya sunkuya ya duba, ya ga ƙuli-ƙulin yana nan ko gutsira ba a yi ba. Ya ce, "Tarkon nan mai adalci ne. Mai gayyatar ya kama." Ya cire ƙuli-ƙulin ya kaɗe ya jefa a baki, wai kada a yi asara.

Mai hankali da ya tsaya nan. Amma abokai a majalisa suka ce ai gafiya ba abin da take tsoro kamar hayaƙin barkono, a tura mata a rami, ko ta mutu a ciki ko ta bar unguwar. Na bi bayan ɗakin kaji ina ɗingishi har na gano bakin ramin. Bayan la'asar na ɗebo garwashi a kasko, na roƙi Inna barkono, ta ba ni tana tambayata ko na fara tuwon sayarwa ne. Na zuba, na kara kaskon a bakin rami, na kama fifita da mafici. Hayaƙi yana shiga, ko kaɗan ba ya dawowa. Na ce madalla, ramin nan mai zurfi ne, na ƙara barkono.

Abin da ban sani ba, rami baki biyu gare shi. Abin da kuma ban sani ba, Malam Ari ya zo gaida Kawu, ya ji inda maganar ɗaki ta kwana, suna zaune a zaure an kawo musu ruwa. Ɗaya bakin ramin kuwa yana bayan kekena, dab da inda nake sa kaina in zan kwanta.

Tari na fara ji, sai atishawa, sai salati. Na zagayo da mafici a hannu na tarar da dattawa biyu a tsakiyar titi, rawanin Malam Ari ya warware yana jan ƙasa, hawaye shaɓe-shaɓe, Kawu ya dafa bango yana neman numfashi. Muna tsaye sai ga gafiyar ta fito ta ƙofar zaure, ba gudu take ba, tafiyarta kawai take yi, ta bi ta tsakanin ƙafafunsu ta shige kwata. Malam Ari ya share ido da bakin rawani, ya daɗe yana kallona kamar bai taɓa ganina ba, sannan ya juya wurin Kawu.

"Malam Kyari, wannan ne yaron?"

"Shi ne," in ji Kawu. "A ɗinki dai yana da hankali."

Da hayaƙi ya lafa Kawu ya ja kekena gefe, ya zura hannu a ramin, ya zaro ɓawon gyaɗa cike da tafi. Gyaɗar da nake ɓarewa ina ci a kan tabarmata in na tashi daga aiki. Rannan ko tambayar tasa bai yi ba. Ya buɗe hannuna ya zuba mini, ya wuce cikin gida.

Inna Falmata ce ta ji tausayina. Ta kira ni madafa ta ce in daina wahalar da kaina, in tafi Sabon Gari wurin Okoro kafinta. Okoro Ibo ne, tsohon abokin Kawu, shi ya yi ƙofar ɗakin kajin ma. Ta ce ya daɗe yana ce wa Kawu a yi wa kaji gida na katako mai dogayen ƙafafu, a naɗe kowace ƙafa da garwar kananzir yadda gafiya in ta kama sai ta zame, Kawu yana cewa katako da ƙusa almubazzaranci ne. Na je na same shi yana fiƙe katako. Labarin barkono ya riga ni isa, don yana ganina ya ajiye aiki ya kama ciki yana dariya. Muka shirya zai yi akurki, ni kuma in ɗinka wa iyalinsa kayan Kirsimeti in lokaci ya yi.

Ya zo ya kafa shi a ɗan filin da ya rage, tsakanin rijiya da katanga. Abu ya yi kyau, har da ragar waya da ɗan tsani. Kawu ya zagaya shi, ya girgiza ƙafafun, ya shafa garwar, ya leƙa ƙarƙashi. Ya ce gafiya kam ba za ta hau ba, wannan ya yarda. Har na fara godiya ga Allah, sai ya buɗe ƙofar ya dube ni.

"Shiga."

Na ɗauka wasa yake. Okoro ya ce, "Baba, ai na auna." Kawu ya ce shi bai san awon kafinta ba, nasa awon ɗaya ne tun yana saurayi. Ba ya sa kaza a wurin da mutum bai zauna daga azahar zuwa la'asar ba. In mutum ya fito bai jiƙe da gumi ba, numfashinsa bai sarƙe ba, to kaza ma za ta iya. Tsohon akurkin shi da kansa ya shiga, ɗakin ma haka, yanzu dai gwiwa ta ƙi, kuma ai ni ne mai neman ɗaki.

Na yi sallar azahar na hau tsani na shiga, na naɗe kamar ɗinkin da aka cusa a jaka. Sai ya fara miƙo kaji ɗaya bayan ɗaya, kowacce ya kira ta da sunanta, yana cewa in na ji na fara takura in faɗa. Ni da nake so duka su shige? Ko wacce ya miƙo sai in ce, "Ban takura ba, Kawu." Wata ta hau cinyata, wata tana tsattsagar ɗan yatsan nan mai ciwo, zakara ya samu kafaɗata ya yi masauki, ƙuma ta fara bi ta cikin wandona, ni dai ban takura ba.

Ana cikin haka aka yi sallama. Gwaggon Yagana ce da wasu mata, sun zo ganin ɗakin da za su yi wa daɓe. Inna ta shimfiɗa musu tabarma, aka gaisa, aka sha ruwa. Ina jin gwaggon ta ce, "Ina angon namu?" Inna ta turo baki wajen rijiya. Suka juyo gaba ɗaya. Ta cikin ragar waya na ce musu sannunku da zuwa, don ban san abin da ake cewa ba a irin wannan hali. Zakaran nan kuwa ya zaɓi lokacin ya yi cara a kunnena.

Kawu ko a jikinsa. Ya ce musu, "Aiki yake yi, ya kusa tashi."

Okoro ya zauna a bakin rijiya yana share hawayen dariya, har Inna ta ce ya matsa kada ya faɗa.

Ashe duk "ban takura ba" ɗin da nake yi, Kawu ba ni yake saurara ba. Kajin yake kallo. Da ya ga wata ta miƙa fiffike ya bugi 'yar'uwarta, sai ya sa hannu ya fara fito da su, har sai da kowacce ta samu wurin juyawa. Ya ce rabi wurin ya ɗauka, ko ɗaya ba za a ƙara ba, don kaji in sun matsu junansu suke tsattsaga, cuta kuma ta shigo. Sauran rabin suka koma ɗakinsu a gaban idon gwaggo. Ta leƙa, ta toshe hanci, ta ce ranar Alhamis za su zo da kayan daɓe, makuba da madaɓai, in suka tarar da ko gashin kaza guda, da kayansu za su juya.

Na fito daga akurki ƙafafuna sun mutu, zuciyata ma haka. Fili ya ƙare a gidan, ba inda za a kafa na biyu. Na yi ƙarfin hali na ce wa Kawu ko a sayar da ragowar, ko a yanka su a yi abincin biki. Kallon da ya yi mini, ka ce Inna Falmata na ce a kai kasuwa. Bai ƙara yi mini magana ba. Ni ma na yi fushi, na ce a raina tsohon nan ya fi son kaji da ɗan 'yar'uwarsa, na fara tunanin yadda zan ga Yagana a gidan mai shagon yadi. Ran Laraba ko zaman gidan ban yi ba, na ɗebi ɗinkin mutane na bi gari ina rabawa. Ran Alhamis ma tun da sassafe na fice, don kada a juya da makuba a gabana.

Da hantsi ƙafa ta dawo da ni, ban san dalili ba. Tun daga bakin lungu na jiyo dukan daɓe, tim, tim, da muryoyin mata. Na ce ko maƙwabta ne. Na shiga zaure sai na yi tuntuɓe da ƙafar gado. Gadon Kawu ne, an kafa shi kusa da kekena, ga akwatinsa, ga buzunsa, ga butarsa. Shi kuma yana tsugune yana cusa fasassun kwalabe da laka a ramin gafiya. Na leƙa cikin gida. Ɗakin kusa da rijiya a buɗe, an share an shafe, mata sun cika shi suna aiki. Daga turakar Kawu kuwa, ta bayan ƙofa a rufe, kaji ne ke ƙorafinsu.

Na dawo na durƙusa. Na ce, "Kawu, ɗakinka fa?"

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da danna laka da babban yatsa.

"Jiya da ba ka nan na zauna a nan daga azahar zuwa la'asar," in ji shi. "Ban takura ba."

Sai hawaye suka zubo mini. Ya dube ni ya ce in tashi in ba shi wuri, ai na kwana biyu ne, kuma in ya ƙara ganin ɓawon gyaɗa a zauren nan, da ni da amaryar duk akurki za mu koma.

Kun san irin kwana biyun Kawu. A zauren nan ya zauna, da ƙarar kekena a kunnensa da rana, da sanyin ƙofa da zafin bazara, har muka haifi 'ya'ya suna hawa gadon suna ja masa gemu. Inna ta yi mita ta gaji. A kan gadon nan Allah ya karɓi abinsa, wata safiya bayan ya gama ba kaji abinci ya tsince ƙasa tsaf. Har yau a Rijiyar Lemo akwai tsofaffin da ba su san sunana ba sai angon akurki, kuma na yafe musu.

Abin da ke sa ni shiru in na tuna shi ke nan. Mutumin da ko jaɓa ta gifta sai ya tambayi wanda ya gayyace ta, ni na sauko masa daga jirgi ba aike ba sanarwa, na ci tuwonsa, na ƙona masa ido da barkono, na raba shi da ɗakinsa, bai taɓa yi mini tambayar nan ba ko sau ɗaya.

Allah ya jiƙan Kawu Kyari, ya gafarta masa. Yadda ya matsa ya ba mu wuri, Allah ya yalwata masa kabarinsa, ya sa kada ya takura. Amin.